Saƙon mutum na uku a rediyon masu sha'awa

Saƙon mutum na uku shi ne saƙon da mai tashar rediyon masu sha'awa ke aikawa zuwa wata tasha a madadin wani mutum dabam. Mai aikawa shi ne mutum na ɗaya, mai karɓa na biyu, wanda aka yi aikin dominsa kuma na uku, kamar dai yadda ake kasa wakilin suna a nahawu. Saƙon yana iya zama rubutacce, ko kuma mai lasisi ya miƙa wa baƙo makirfo ya yi magana da bakinsa, ko ya haɗa rediyon da layin tarho.

Tarihi

Isar da saƙo na cikin ayyukan farko na masu wannan sha'awa. A shekarar 1914 Hiram Percy Maxim ya jagoranci kafa ƙungiyar ARRL a garin Hartford na Amurka, domin tashoshi su riƙa miƙa wa juna saƙo har ya isa inda tasha ɗaya ba za ta iya kai shi ba. A Turai kuwa a wancan lokaci gidan waya da tangaraho na gwamnati ne, kuma saƙon kyauta ragi ne a kuɗin shigarta. Taron Madrid na 1932 ya haramta wa masu sha'awa aika saƙon wani zuwa ƙasar waje, sai in ƙasashen biyu sun ƙulla yarjejeniya ta musamman.

An shafe shekara 70 da ɗoriya a kan haka. Taron rediyo na duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta yi a Janeba a 2003 ne ya sake rubuta sashe na 25 na dokokinta.

Abin da dokar ta tanada

Sashe na 25.3 ya yarda a aika saƙon mutum na uku tsakanin ƙasashe a lokacin gaggawa ko aikin agaji bayan bala'i, sannan ya bar wa kowace ƙasa ikon yanke yadda tanadin zai shafi tashoshinta. Jimlar nan ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ita ce ta sa wata ƙasa ke buɗe ƙofar sosai, wata kuma ta bar ta a rufe. Saƙon cikin gida ba ya ƙarƙashin wannan tanadi, dokar ƙasa ce ke hukunci a kansa.

Sauran sharuɗɗan sashen suna nan. Ba a juya saƙo zuwa zaurance don a ɓoye ma'anarsa. Magana tsakanin ƙasashe ta tsaya kan harkar rediyon da gaisuwa ko lamarin mutum na kansa, kuma ba a yin aikin don neman kuɗi.

Amurka ta fayyace nata tsarin a sashe na 97.115 na dokokin hukumar FCC. Saƙon cikin gida halal ne. Na waje sai da yarjejeniya, in ba na gaggawa ko agaji ba ne. Idan baƙo ne zai yi magana, dole mai lasisi ya kasance a wurin yana saurare daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba a ba wa wanda aka soke lasisinsa makirfo. Bayan musayar saƙo da ƙasar waje, tashar za ta ambaci lambar kiranta da ta tashar da ta yi magana da ita. Gana, Gambiya, Saliyo, Laberiya da Afirka ta Kudu suna cikin ƙasashen da ke da irin wannan yarjejeniya da Amurka. Najeriya da Nijar ba sa ciki, saboda haka mai tasha a Amurka ba zai sa baƙonsa marar lasisi ya gaisa da ɗan'uwansa ta wata tasha a Kano ko Maraɗi ba.

A Ingila, ambaliyar tekun da ta faru a 1953 ce ta haifar da RAYNET, ƙungiyar masu sha'awa da ke taimaka wa hukumomin agaji da sadarwa. Batun yakan kuma taso duk watan Oktoba a taron 'yan sikawut na rediyo, JOTA, da aka fara a 1958, inda yara marasa lasisi ke gaisawa da takwarorinsu na wasu ƙasashe.

A Najeriya

Lambar kiran tashoshin Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Ƙungiyar masu sha'awa ta Najeriya, NARS, mamba ce a ƙungiyar duniya ta IARU wadda aka kafa a birnin Faris a 1925. Dokar sadarwa marar waya ta 1961 ta hana kafa tashar aika saƙo ba tare da lasisi ba.

A watan Satumbar 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Faskari, Kankara da Sabuwa, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga. Mazauna garuruwa irin su Tafoki sun koma aika saƙon rasuwa, haihuwa ko rashin lafiya ta hannun direbobi da 'yan kasuwa, ko su yi doguwar tafiya neman sabis. Irin waɗannan saƙonni ne ainihin abin da ake nufi da saƙon mutum na uku. Sai dai katsewar da gwamnati ta yi da gangan ta bambanta da wadda ambaliya ko guguwa ta jawo, kuma sassaucin 2003 na saƙon da ke tsallake iyaka ne. Saƙo daga Tafoki zuwa Funtua ko Katsina na cikin gida ne, don haka sharuɗɗan lasisin Najeriya da umarnin hukumomin tsaro ne za su yi hukunci a kansa.