Yadda Aka Leƙa Cikin Koren Ganye

Manoma sun daɗe da sanin cewa shuka ba ta yin kyau a ƙarƙashin inuwa, amma dalilin abin ya ɓuya ga mutane. Cikin 1779 wani likita mutumin Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa koren ganye yana fid da iskar nan da mu ke rayuwa da ita, watau oksijin, amma fa sai in da haske. Saura a san ko a ina ne cikin ganyen a ke wannan aiki, da kuma irin hasken da ya fi so.

Wanda ya warware wannan shi ne Theodor Engelmann, wani Bajamushe mai koyarwa a jami'ar Utrecht. Wahalarsa ita ce ba a ganin oksijin, ko da madubin nan mai ƙara girman abu. To, ku ji dabarar da ya yi cikin 1882. Ya ɗauki silin gansakuka guda, ya sa cikin ɗigon ruwa, ya zuba waɗansu ƙwayoyin bakteriya masu iyo zuwa duk inda oksijin ya ke. Sa'an nan ya rufe da gilashi don kada iska ta shiga, ya raba haske ya zama launi launi kamar bakan gizo, ya haska silin da shi.

Da ya duba cikin madubi sai ya ga ƙwayoyin sun yi cincirindo wajen ja da wajen shuɗi, wajen kore kuwa 'yan kaɗan ne. Ashe ja da shuɗi shuka ta fi sha, koren kuwa ta kan mayar da wani sashensa, shi ya sa idonmu ke ganin ganye kore. Da irin wannan dabara kuma ya tabbatar cewa daga 'yan korayen ƙwayoyin da ke cikin shuka oksijin ke fitowa. A ganina ba a cika samun gwaji mai arha da wayo kamar wannan ba, gama ƙwayoyin su suka zama ma'auninsa.

Madubinsa bai iya wuce nan ba. Cikin 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi mai aiki da lantarki a Balin, da irinsa ne daga baya aka ga cikin korayen ƙwayoyin nan akwai faya-faye jere bisa juna kamar an tara kwabbai. A jikin faya-fayen nan ne a ke kama haske, a fasa ruwa, oksijin ya fita.