SPD: Tarihin jam'iyya mafi daɗewa a Jamus da rawar da take takawa

A cikin jam'iyyun da ke majalisar dokokin Jamus a yau, babu wadda ta kai SPD shekaru. Asalinta ƙungiyar ma'aikata ce da Ferdinand Lassalle ya kafa a birnin Leipzig a 1863, wadda ta haɗe da jam'iyyar su August Bebel a 1875. Shugaban gwamnati Bismarck ya haramta harkokinta daga 1878 zuwa 1890, sai dai hanin bai kashe ta ba, domin a zaɓen 1912 ita ce ta fi kowace jam'iyya kujeru. Daga cikinta ne kuma aka samu shugaban ƙasa na farko bayan faɗuwar sarauta, Friedrich Ebert, a 1919.

Ranar da 'ya'yan jam'iyyar suka fi tinƙaho da ita ita ce 23 ga Maris 1933, lokacin da Hitler ya nemi majalisa ta miƙa wa gwamnatinsa ikon yin doka. An riga an tsare ko an fatattaki wakilan 'yan gurguzu, sauran jam'iyyu kuma suka amince. Wakilan SPD 94 da suka halarta ne kaɗai suka ƙi, alhali dakarun Nazi na tsaye a zauren. Bayan wata uku aka haramta jam'iyyar; wasu shugabanninta suka ƙare a sansanonin gwale-gwale, wasu suka yi gudun hijira.

A 1959 ta ajiye aƙidar Marx, ta rungumi tattalin arzikin kasuwa da sharaɗin kare marasa ƙarfi. Wannan ne ya share wa Willy Brandt hanyar zama shugaban gwamnati a 1969, inda ya nemi sulhu da ƙasashen gabashin Turai har ya samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 1971. Helmut Schmidt ne ya gaje shi.

Garambawul ɗin Agenda 2010 na Gerhard Schröder, wanda ya zaftare tallafin marasa aikin yi, ya sa ma'aikata da dama ganin an ci amanarsu, kuma har yau raunin bai warke ba. Ko dokar mafi ƙarancin albashi ta 2015, Yuro 8.50 a awa, da SPD ta matsa aka kafa a zamanin Merkel, ba ta dawo da su duka ba.

Olaf Scholz ya kai ta ga nasara a 2021, amma a zaɓen Fabrairun 2025 ta tashi da kashi 16.4 cikin ɗari kacal, mafi muni tun 1949. Daga nan ta shiga gwamnatin Friedrich Merz a matsayin ƙaramar abokiyar ƙawance, tana riƙe da ma'aikatun kuɗi, tsaro da ƙwadago.