Zafi da mutuwar sabuwar kwamfutar wasanni: dalilai da hanyoyin gano matsalar

Kwamfutocin tafi-da-gidanka da aka ƙera domin wasannin bidiyo, irin su Lenovo Legion da HP Omen da Asus ROG da Acer Nitro, sun daɗe da wuce hannun masu wasa kaɗai. A garuruwa irin su Yelwan Yauri da Wara da Shanga a Jihar Kebbi, masu haɗa bidiyon biki da masu zanen gini da ma'aikatan safiyo suna sayen su ne saboda ƙarfinsu, kuma kuɗin sabuwa yakan haura naira miliyan ɗaya. Koken da aka fi ji a kansu shi ne, da zarar an ɗora musu aiki mai nauyi sai fanka ta ɗauki ƙara, jiki ya yi zafi, kwamfutar ta mutu ba sallama. Sanin abin da ke haddasa hakan shi ne zai nuna wa mai ita ko gyaran wurin aiki yake buƙata, ko kuwa mayar da kayan ga wanda ya sayar masa tun garanti bai ƙare ba.

Inda zafin yake fitowa

Sassa biyu ne suke haifar da mafi yawan zafin: firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da kuma na'urar sarrafa hoto. Kusan duk wutar da suka sha zafi take komawa. Cajar kwamfutar ofis takan kasance wat 45 zuwa 65, amma ta kwamfutar wasanni takan kai wat 180 zuwa 330, alhali kaurin jikinsu bai bambanta sosai ba.

Domin fitar da wannan zafi, ana shafa wani man sanyaya a kan sassan biyu, sannan a ɗora musu farantin jan ƙarfe. Daga farantin wasu bututu suke ɗaukar zafin zuwa siraran faifan ƙarfe da ke bakin tagogin iska. Fanka tana zuƙo iska daga ƙasan kwamfutar ta hura ta cikin faifan, zafin ya fita ta baya ko ta gefe. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya samu tangarɗa, zafin zai taru a ciki.

Rage gudu daban, mutuwa daban

Yawancin firosesan Intel na kwamfutocin tafi-da-gidanka suna da iyakar digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, na AMD kuma tsakanin 95 da 105, yayin da na'urorin hoto na Nvidia suke fara ja da baya a wajen digiri 87. Idan aka kusanci iyakar, kwamfutar takan rage gudunta da kanta har zafin ya sauka. Mai aiki zai ga hoto yana sarƙewa ko bidiyo ya daɗe bai kammala ba, amma aikin ba zai tsaya ba. Saboda haka ganin digiri 85 ko 90 a lokacin aiki mai nauyi ba alamar lalacewa ba ne.

Mutuwa gaba ɗaya kuwa mataki ne na ƙarshe, wanda ake kaiwa idan rage gudun ya kasa shawo kan zafin. Lafiyayyar sabuwar kwamfuta da ke kan tebur ba ta kamata ta kai nan ba. Idan tana kaiwa, to ko dai iska ba ta shiga, ko wutar da ake ba ta ba ta wadatar ba, ko kuma akwai aibi a cikinta tun daga masana'anta.

Rabon yanayin wuri

Galibin kamfanoni suna rubuta cewa an tsara kwamfutocinsu su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A ƙasar Yauri, kamar sauran sassan Kebbi da Sakkwato, zafin rana a watannin Maris da Afrilu yakan kai digiri 40 har ya wuce, kuma shago mai rufin kwano marar silin ya fi waje zafi. Lissafin a fili yake: fanka ba ta sanyaya iska, wadda ta samu a ɗaki ita take hurawa. Kwamfutar da ta tsaya a digiri 85 a ɗaki mai digiri 25, za ta doshi 100 a ɗaki mai digiri 40 a kan aiki iri ɗaya.

Kowane lokaci na shekara da irin nasa ƙalubalen. Hunturu yana zuwa da ƙura mai laushi da ke manne wa faifan ƙarfe har ta zama kamar auduga, musamman a shagunan da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa zuwa Koko da Jega. Da damina kuma, danshin bakin Kogin Kwara da Tafkin Kainji yakan sa ƙurar da ta riga ta taru ta daskare. Sai dai ƙura tana buƙatar watanni kafin ta toshe hanya. Idan kwamfutar da ba ta wuce mako biyu da saye ba tana mutuwa, a nemi dalilin a wani wuri.

Batun wuta

Sau da yawa abin da ake ɗora wa zafi laifin wuta ne. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana maƙwabtaka da yankin, amma wutarta tana shiga babban layin ƙasa ne kafin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ya kawo wa Jihar Kebbi rabonta. Don haka masu sana'a da dama sun dogara ne da ƙaramin janareta ko sola da inbata.

Caja ta asali tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, amma janaretan da aka cika masa kaya yakan yi ta hawa da sauka, ƙaramar inbata kuma takan yanke idan aka ja wuta da yawa lokaci guda. A irin wannan hali kwamfutar takan koma kan batiri. Haka nan idan an musanya cajar asali da mai ƙaramin ƙarfi, ko ana caji ta kafar USB-C wadda galibi ba ta wuce wat 100 ba, kwamfutar za ta riƙa cike giɓin daga batiri. Alamar hakan ita ce batiri yana raguwa alhali caja tana jone. Idan batirin ya yi rauni ko ya kusa ƙarewa, sai ta mutu a tsakiyar aiki ko da zafin bai kai iyaka ba.

Matakan bincike

Na farko, a auna. Manhajar HWiNFO da HWMonitor kyauta ne, kuma suna nuna zafin kowane sashe da mafi girman adadin da ya kai. A bar manhajar a buɗe, a fara aikin da ke kashe kwamfutar, a lura da lambobin. Idan ta mutu firosesa yana ƙasa da digiri 85, hankali ya koma kan wuta da batiri. Ma'ajiyar rahotannin Windows takan rubuta Kernel-Power 41 bayan irin wannan mutuwa, amma wannan yana tabbatar da cewa ta mutu ba bisa ƙa'ida ba ne kawai, ba ya faɗin dalili.

Na biyu, a duba iska. A ɗora kwamfutar a kan tebur, a ɗaga bayanta kaɗan, a tabbatar babu leda ko takardar masana'anta da ta rufe tagogin ƙasa. Katifa da darduma da cinya duk suna toshe su. A kai hannu bakin kowace taga: idan ɗaya tana fitar da iska mai zafi ɗayar kuma shiru a lokacin aiki mai nauyi, akwai yiwuwar fanka ɗaya ba ta juyawa.

Na uku, a duba caja. A kwatanta adadin wat da ke jikinta da wanda kamfanin ya rubuta wa wannan samfurin a shafinsa na intanet, sannan a gwada ta a wata wutar daban.

Na huɗu, a sauya lokaci. A maimaita aikin da asuba ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Idan ta jure a can, zafin ɗaki ne babban dalili. Idan ta mutu a can ma, aibin yana cikinta.

Na biyar, a sabunta manhajar sarrafa hoto da ta BIOS daga shafin kamfanin kaɗai, domin a nan ne ake gyara tsarin gudun fanka. Kada a fara sabunta BIOS sai batiri ya cika kuma wuta tana tsaye, saboda yankewa a tsakiya kan hana kwamfuta tashi.

Saukar da zafi ba tare da kwancewa ba

Kowane kamfani yana da manhajarsa ta sarrafa fanka: Armoury Crate a Asus, Vantage a Lenovo, Omen Gaming Hub a HP, NitroSense a Acer. A zaɓi matsakaicin tsari maimakon na ƙoli, sannan a ƙara gudun fanka. A tsarin wuta na Windows, mayar da iyakar firosesa daga kashi 100 zuwa 99 yakan hana shi tsallen gudu a kwamfutoci da dama, zafin ya sauka sosai, aikin kuma ya ɗan rage sauri. Masu wasa za su iya taƙaita hoto zuwa 60 a daƙiƙa. Matashin sanyaya mai fanka yana taimakawa, ko da yake ba ya maganin aibi na ciki. Wanda ke da zaɓi ya bar aiki mai nauyi zuwa dare ko safiya.

Abubuwan da za a guje wa

Sanya kwamfuta mai zafi a firiji ko lulluɓe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle yana jawo raɓa a cikin sassanta. Hura ta da injin mai faci yana iya tura ruwa ciki ya kuma lalata fanka. Barin ta a cikin mota da rana yana cutar da batiri. Idan aka ga jikinta ya kumbura ko wurin taɓawa ya taso, a daina caji nan take, domin kumburarren batiri yana iya kama wuta. Kwance sabuwar kwamfuta don sauya man sanyaya kuwa yakan ba mai sayarwa hujjar ƙin karɓar ta, kuma wasu samfuran Asus ROG suna amfani da narkakken ƙarfe ne a maimakon mai, wanda zubarsa a kan allon ciki kan ƙone shi.

Garanti da haƙƙin mai saye

Mafi yawan irin waɗannan kwamfutoci daga Kano ko Abuja ko kasuwar Computer Village ta Ikeja ake kawo su, don haka mayarwa daga Yauri ko Ngaski tafiya ce mai cin kuɗi, wadda ya kamata a yi ta da cikakkiyar hujja. A shigar da lambar jikin kwamfutar a shafin kamfanin domin ganin ranar da garantinta ya fara. Idan ya fara da daɗewa kafin ranar saye, mai yiwuwa ta hannu ce aka sake kintsawa. Umarnin powercfg /batteryreport a Windows yana fitar da rahoton da ke kwatanta ƙarfin batiri na asali da na yanzu, kuma giɓi mai yawa bai dace da sabon kaya ba.

A adana rasit da kwali, a ɗauki bidiyon lambobin zafi har zuwa lokacin da ta mutu, a kuma kwafe muhimman takardu zuwa wata ma'ajiya kafin a miƙa ta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi domin a gyara, a musanya, ko a dawo masa da kuɗinsa. Idan mai shago ya ƙi, ana iya kai ƙorafi ga shugabannin kasuwar da shagon yake, ko kuma a shigar da shi ga hukumar ta shafinta na intanet.