Mushe Abdu Mumuni: malamin da ya ɗauki rana aiki

Wanda ya bar Birnin Ƙonni ya miƙi hanyar Madawa, da ya wuce Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, ba zai jima ba zai iso Malbaza. Shekaru da dama da siminti aka san garin. A watan Nuwamba na 2018 ya sami suna na biyu, domin a nan aka buɗe babbar tashar wutar hasken rana ta farko a Nijar, mai ƙarfin megawat 7. Duk sanda na tuna dubban panon da aka jera a wannan fili, mutum ɗaya ne ke faɗo mini a rai, kuma bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba, don ya riga mu gidan gaskiya shekaru 27 kafin ranar. Shi ne Abdu Mumuni Diyoffo, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa.

An haife shi a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Asalin gidansu daga Kirtashi ne, a bakin Kwara, amma a ƙasar Hausa ya buɗe ido. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na ƙasashen renonta a yammacin Afirka, daga nan sai Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin fizik, jarrabawar da ko ƴaƴan Faransa ke shakka, ya zama ɗan Afirka baƙar fata na farko daga ƙasashen renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni.

Mai irin wannan takarda a wancan zamani, kujera ce ke nemansa. Shi kuwa alli ya ɗauka, ya shiga aji a Dakar. Sai ga 28 ga Satumba 1958, ranar da mutanen Gini suka ce a'a ga tayin Janar de Gaulle na ci gaba da zama tare da Faransa. Faransa ta fusata, ta kwashe ma'aikatanta, har da malaman makaranta, aka bar yara da azuzuwa babu mai koyarwa. Abdu Mumuni yana cikin ƴan Afirkan da suka tattara kayansu suka nufi Konakiri don toshe wannan giɓi, shi da irin su Joseph Ki-Zerbo, masanin tarihin nan na Burkina. Ya san abin da yake sadaukarwa: albashi mai tsoka da tabbacin aiki a ƙarƙashin gwamnatin da ke riƙe da ƙasarsa. A ganina a nan ne za a auna mutumin, tun kafin a zo maganar dakta ko farfesa. Ya ji an ce akwai yaran da aka bari, sai ya tafi.

Abin da ya gani a azuzuwan Dakar da Konakiri da Yamai shi ya zuba a littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a Paris a 1964, aka fassara shi zuwa Turancin Ingila a 1968. Bai fara da lakwal ba. Ya fara da yadda iyaye da sa'o'i da dukan unguwa ke tarbiyyar yaro, yadda ake koyon noma a gona, ƙira a maƙera, magana a bakin tsofaffi. Sannan ya nuna cewa makarantar ƴan mulkin mallaka ba don ta wayar da jama'a aka kafa ta ba, don ta samar da tafinta da akawu ne, ƴan kaɗan da za su tsaya tsakanin kwamanda da talaka. Maganinsa shi ne a koyar da yaro da harshen da ya sha a nono, a kuma haɗa karatu da aikin da mutane ke ci da shi.

Duk wanda ya taɓa zama a aji a Ƙonni ko Illela ya san ciwon da yake magana a kai. Yaro ɗan shekara bakwai ya iya lissafin canji a kasuwa, ya san buhu nawa na albasar Galmi jaki zai ɗauka, amma ranar da ya shiga lakwal sai ya koma kurma, don mushe yana tambayarsa da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba. Da yawa a nan suka yanke cewa ba su da ƙwaƙwalwa, alhali harshe ne ya tare musu hanya. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, gwajin ya daɗe yana sunan gwaji. Sai a Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Takarda ta faɗa. Saura littattafai da malaman da aka horar, waɗanda su ne ainihin abin da ya nema.

Rana kuwa, tun farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike a kanta. Ya jagoranci ɗakin binciken makamashin rana a Bamako daga 1964, ya kammala babban digirinsa a Paris a 1967, sannan a 1969 ya dawo gida ya karɓi ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL. A nan aka ƙera tukunyar ɗumama ruwa, da murhun girki, da na'urar tace ruwa, duk da zafin rana kaɗai. Hankalinsa yana kan matar da ke tafiya mai nisa neman icce, da dajin da ke ƙarewa. Muna kiran rana azaba a watan Afrilu. Shi ya dube ta a matsayin dukiyar da babu mai rufe mana iyakarta. Mutanen Nijar sun gane wannan magana a jikinsu a Agustan 2023, lokacin da aka katse kuran ɗin da ke zuwa daga Najeriya.

A 1979 aka ba shi shugabancin jami'ar Yamai, tana ƙarama, shekara shida da zama cikakkiyar jami'a. Ya riƙe ta ƴan shekaru a zamanin Janar Kunce, zamanin da ɗalibai da gwamnatin soja ke kallon hadarin kaji, bai kuma rabu da koyar da fizik ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61, watanni kaɗan kafin babban taron ƙasa. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Yanzu a kasuwar Ƙonni ana sayar da pano kamar yadda ake sayar da fitila, masu lambu na jawo ruwa da shi, yara na karatun dare da shi. Kusan duka daga ƙasashen waje ake shigo da su. Tashar Malbaza ma da rancen Indiya aka gina ta, kamfanin can ne kuma ya yi aikin. Abdu Mumuni ya so a ƙera a gida, da hannun yaran da aka koyar a gida.