Ba Makero Ba Ne, Ba Kuma Sanƙo Ba

A shagunan aski na GRA a Maiduguri, mai aski ne yakan riga kowa gani, domin sau da yawa wurin a ƙeya yake fitowa ko a bayan kunne, inda mai kai ba ya ganin kansa. Sai ya tsayar da kilifa ya ce, "Yallaɓai, ka san akwai wani waje a nan da gashi ya tafi?" A ɗauko madubi na biyu a haska. Fili ne kewayayye, faɗinsa kamar murfin kwalba, sumul, ba ƙurji, ba ɓawo, sau da yawa ko ƙaiƙayi babu. A wurin mata kuwa mai kitso ce ke tsaga kai ta ci karo da shi, ta rage murya ta ce, "Hajja, kin san da wannan?" Tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: mene ne wannan? Sunan da aka faɗa a wannan lokaci shi zai yanke inda mutum zai nufa, ko kemis, ko zauren malam, ko asibiti, ko kuwa ya danna hularsa ta Bama ya yi shiru.

Sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne makero, wasu su ce ƙora. Ba a rasa dalili ba: shi ma makero kewaye yake yi, shi ma yana cin gashi wuri-wuri. Amma makero ƙwayar cuta ce daga waje, dangin naman gwari, mai shiga cikin silin gashi ta karya shi. Idan ka duba kan yaro mai makero za ka ga fari-fari kamar toka, da guntayen gashi da suka kakkarye, da ƙaiƙayi, wani lokaci har da kumburi mai ruwa da kaluluwa a wuya. Cutar yara ce galibi, tana bin aska da kilifa da mataji da hula da matashin kai, shi ya sa take yawa inda yara ke kwana a cunkushe. Maganinta na sha ne, griseofulvin ko terbinafine, na makonni, man shafawa kaɗai ba ya kai wa ga saiwar. Wannan fili mai santsi da mai aski ya gani ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, kuma ba a ɗaukarsa daga kowa.

Abin da ke damuna da wannan suna shi ne abin da yake jawowa a bayansa. Da zarar an ce makero, an ce ƙazanta, an ce a guje shi. Uwa ta ware wa yaro matajinsa da tawul ɗinsa, makaranta ta ce a zauna da shi a gida sai ya warke, abokai su daina aron hularsa. A sayo man makero a shafa wata da watanni ba wani canji, daga nan a koma goga tafarnuwa ko wani abu mai zafi har fata ta saɓule. Kuskuren yana bin ɗaya hanyar ma: yaron da makero ne na gaske ke cin kansa, a shafa masa irin man nan na haɗe-haɗe mai sitiroyid da ake sayarwa ba takardar likita, ƙaiƙayi ya lafa, jan ya dusashe, ƙwayar kuwa ta ci gaba da yaɗuwa a ɓoye.

Suna na biyu shi ne sanƙo, kuma shi nasa lahanin na fid da rai ne. Sanƙo gado ne. A hankali yake zuwa, shekara da shekaru, ya faro daga gefen goshi ko tsakar kai, sinadarin maza na jiki yana ƙanƙantar da saiwoyin gashi har su daina fitar da na kirki. Wanda aka ce wa sanƙo ne ya fara masa zai ce to haka Allah ya yi, kakana ma haka yake. Alhali a wannan cuta mai fili saiwar gashin tana nan da ranta a ƙarƙashin fata, aiki kawai ta tsayar. Masu fili ɗaya ko biyu ƙanana da yawansu gashin kan dawo cikin shekara ko da ba a yi komai ba. Yakan fara dawowa fari, siriri, daga baya ya yi baƙi. Yana iya sake tafiya, a wurin ko a wani wurin, wannan ma gaskiya ne kuma ya kamata a gaya wa mutum tun farko.

Mata suna da nasu kalmomin, kuma na ga sun fi na maza daidai. Mace ta ce "gabana ya cinye", ta san abin da take nufi: jan kitso mai tsauri da nauyin ƙarin gashi ne suka ci gefen goshi. Mai jego ta ce gashinta na zuba, wannan zuba ce ta ko'ina a kai, wadda kan zo wata biyu zuwa uku bayan haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani ko babban tashin hankali, ta kuma tsaya da kanta. A garin da ya sha rikicin da Maiduguri ta sha tun 2009, ga kuma ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024, ba mamaki mutane su ce tunani ne ya kawo kowace irin zubewar gashi. Damuwa tana iya tayar da cutar mai fili ga wanda jikinsa ke ɗauke da halinta, amma ba ita ce tushe ba, kuma cewa mutum "ka rage tunani" ba magani ba ne.

Sai kuma inda ba a raɗa wa cutar suna ba, aka raɗa wa wanda ake zargi. Wani ya ce ɓera ne ya ci cikin dare, wani ya ce aljanu ne suka yi aski, wata ta ce sammu ne ko kambun baka. Ban raina masu faɗin haka ba. Abu ne da ka kwanta ba ka san da shi ba, ka tashi ka gan shi da baki a tsare kamar aikin aska, dole zuciya ta nemi hannun da ya riƙe askar. Mutanen Sin ma, can nesa da mu, suna kiransa askin fatalwa. Addu'a ba ta hana ganin likita, ganin likita bai hana addu'a. Inda ɓarnar take shi ne lokacin da zargin ya sauka a kan kishiya ko uwar miji ko maƙwabciya, a ɓata zumuncin shekaru saboda abin da jikin mutum ne ya yi wa kansa.

A takardar likita sunan da za ka gani shi ne alofeshiya ariyata, kuma shi ma idan ka bi salsalarsa za ka tarar da dabba a ciki. Alofeks a Girkanci dabbar nan ce dangin yanyawa. Likitocin Girka na dā sun ga yadda ƙazwa ke zubar mata da gashi wuri-wuri, sai suka ara wa mutum sunan. A ƙarni na 1 na Miladiyya wani marubucin Rum, Celsus, ya bayyana iri biyu: mai fili a kai, da mai zagaya ƙeya zuwa kunnuwa kamar tafiyar maciji, wanda har yau likitoci ke kira ofiyasis daga sunan maciji a Girkanci. Da ilimin ya koma Larabci sai aka fassara sunayen kai tsaye. A cikin Alƙanun na Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, akwai da'us sa'alab da da'ul hayya, wato cutar yanyawa da cutar maciji, kuma har gobe Larabawa sa'alaba suke cewa. Malamin Barno da ya karanta littattafan ɗibbu na Larabci ya riga ɗan boko sanin wannan suna. Ita kuwa ariyata daga kalmar Latin mai nufin fili ta fito, kuma wani likitan Faransa na birnin Montpellier, Sauvages, shi ya haɗa kalmomin biyu a shekarun 1760.

Kada a ɗauka mu kaɗai muka rikita ta da makero. A 1843, a Paris, David Gruby ya hango naman gwari a madubin ƙara girma cikin gashin yara masu fili a kai, ya kira abin da sunan da likitoci ke kiran wannan cuta da shi a lokacin. Shekaru da dama likitocin Turai suka yi suna gardama, wasu na cewa ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa a makarantu da barikokin soja, wasu na cewa daga jijiyoyi ne. Abin da suka ɗauki rabin ƙarni suna warwarewa shi ne muke so mai aski ya warware cikin minti ɗaya, kilifa a hannu.

Kalmar alofeshiya ta shiga kunnen Hausawa da yawa a Maris na 2022, lokacin da Will Smith ya mari Chris Rock a bikin Oscar a Amurka saboda Rock ya yi wa kan matar Smith, Jada Pinkett Smith, mai alofeshiya, ba'a. Amma alofeshiya ita kaɗai ba ta nufin komai illa zubewar gashi kowace iri, har da sanƙo da cinyewar goshi, sai an haɗa da ariyata ake nufin wannan. Masu kallon ƙwallo kuwa sun daɗe da ganin mafi tsananinta ba tare da sun sani ba. Pierluigi Collina, alƙalin wasa ɗan Italiya da ya hura wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta a 1996, ranar da Nijeriya ta ci Ajantina 3 da 2, ba askin ƙwal kwabo yake yi ba. Cutar ce ta tafi da gashin kansa har da gira. Idan ta cinye kai duka likitoci na cewa totalis, idan ta haɗa da jiki baki ɗaya su ce yunibasalis. Kaɗan ne ke kai wa nan.

Kalmar da nake ganin ta fi kowace haɗari ba a titi take ba, a ɗakin likita take. Abin da ke faruwa shi ne wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu kare jiki, su taru a gindin gashi su far masa kamar baƙon abu. Likita mai son ya yi bayani da Hausa sai ya ce, "Matsalar garkuwar jiki ce." Shekaru sama da 30 rediyo na koya wa Bahaushe cewa cuta mai karya garkuwar jiki ita ce ƙanjamau. Mutum ya ji "garkuwar jiki", sauran maganar ba za ta shiga kunnensa ba, ya fita da fargabar da bai shigo da ita ba, wataƙila bai ma iya gaya wa matarsa ba. A nan garkuwar ba ta karye ba, ƙarfinta na nan, saiti ne ya kuskure. Ya kamata likita ya faɗi wannan da bakinsa: "Baba, ba ƙanjamau ba ne, ba shi da alaƙa da shi." Idan ya sa a gwada jini, ya faɗi dalili. Cutar kan zo tare da ta maƙoshi mai kumbura wuya, ko da irin farin tabon nan na fata, kuma tunjere a mataki na biyu yana iya yi wa gashi tsiga-tsiga har a rikita su.

Kimanin mutum 2 cikin 100 ne za su gamu da ita a tsawon rayuwa, maza da mata, kuma ta fi farawa tun ana yara ko matasa. A 2010 Angela Christiano ta Jami'ar Columbia, wadda ita kanta tana da cutar, ta jagoranci binciken da ya nuna ƙwayoyin gadon da ke da hannu a ciki. Daga wannan hanya aka kai ga ƙwayoyin sha na masu tsanani: Amurka ta amince da baricitinib a Yunin 2022, sai ritlecitinib a Yunin 2023 ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Suna da tsada, suna kuma buƙatar sa ido. Mai fili ɗaya ko biyu ba ya buƙatarsu. Abin da likitan fata kan yi masa shi ne allurar sitiroyid ƙanana a cikin fatar wurin, ko man shafawa mai ƙarfi na ɗan lokaci, ko ma ya ce a jira. Mazaunin GRA ba shi da nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ya je ya nemi a haɗa shi da likitan fata. Shi zai duba bakin filin ko akwai guntayen gashi masu sirin gindi da kaurin kai, ya duba farce ko akwai 'yan ramuka, ya kankari fata a gwada idan yana zargin makero.

Hula da ɗankwali da lafaya suna rufa wa mutane da yawa asiri a garin nan, amma ba sa rufe gemu da gira. Mai fili a gemu sai ya yi ta amsa tambayar wa ya yi maka wannan aski, a masallaci da wurin aiki. Yarinyar da girarta ta tafi tana jin nata a aji. Waɗannan su suka fi buƙatar abin da za su faɗa a taƙaice, da harshen da kowa zai gane.

Ni da za a bi ta tawa, zubewar gashi fili-fili za mu riƙa cewa. Ba ta da daɗin faɗa kamar makero, amma ba ta ɗora wa mai ita ƙazanta ba, ba ta ce gado ne da ba ya dawowa ba, ba ta nuna kowa da yatsa ba, kuma fili ɗin shi ne ainihin abin da ariyata ke nufi. Mai aski da mai kitso za su iya riƙe ta, su ƙara da cewa a je likitan fata ya gani kafin a shafa komai. Idan kuwa yaro ne ɗan makaranta, uwa ta roƙi likita ya rubuta wa shugaban makarantar takarda, a sa a ciki ƙarara cewa ba makero ba ne, ba a ɗauka, yaron ya koma aji gobe.