Bindigar Toka da Maƙeranta a Arewacin Zamfara: Jangeru, Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda

1.0 Gabatarwa

A yau idan aka ambaci 'yan bindiga a Jangeru ko Shinkafi ko Zurmi, abin da yake fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne ɓarayin daji. Amma wannan kalma ta girmi masifar da ake ciki da shekaru masu yawa. A da, 'yan bindiga rukuni ne na bayin sarki da barorinsa, waɗanda suke ƙarƙashin Sarkin Bindiga, suna tsaron sarki a fagen fama, suna kuma yi masa buɗe wuta ranar hawa. Makaminsu shi ne bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda kuma Bahaushe ya laƙaba wa suna harba-ka-ruga saboda jinkirin da ake yi kafin a sake ɗura ta.

A wannan maƙala zan bi tarihin wannan bindiga a yankinmu. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, tun asalinta bindigar toka haɗe-haɗe ce ta ragowar kayan sojan Turai, kuma maƙeranmu ne suka riƙa raya ta da gyara har ta kawo zamaninmu. Saboda haka kowace tsohuwar bindiga da ta rage a hannun jama'a shaida ce ta tarihi, kuma a halin da ake ciki shaidar tana gab da salwanta.

2.0 Bindiga a Zamanin Jihadi

Bindiga ta daɗe da shigowa ƙasashen Sudan ta Tsakiya. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da mayaƙa masu bindiga waɗanda Turkawa suka horar. Tarihin Kano kuma ya nuna an kawo bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), sa'annan Babba Zaki (1768–1776) shi ne sarkin Kano na farko da ya kafa dogarai masu bindiga. A Gobir ma an san ta, domin ruwayoyi sun kawo cewa Sarkin Gobir Yunfa ya auna Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da bindiga a Alƙalawa, sai wutar ta komo ta ƙone shi.

Duk da haka, yaƙe-yaƙen da aka yi a wannan yanki a farkon ƙarni na 19 na kwari da baka ne da takobi da mashi da doki. Da irin waɗannan makamai aka yi Tafkin Kwatto a 1804. Da su ne Muhammadu Namoda, jarumin Alibawan Zurmi wanda Ƙauran Namoda ta ci sunansa, ya karya Gobirawa da Azbinawa a Fafara kusa da Zurmi a 1806. Yana kuma cikin shugabannin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, kafin ya rasu a yaƙin Kiyawa a 1810.

Muna da shaidar gani da ido game da ƙarancin bindiga a lokacin. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda mutanen Sakkwato suka sani da Abdullahi, ya halarci kewaye garin Konya na Gobirawa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi a 1826. A cikin runduna mai dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga 42 ne kacal, wato 41 a hannun Kanawa, ɗaya kuma a hannun Zazzagawa. Abin da ya yi ƙaranci haka ba a yar da shi don ya lalace. Daga nan ne gyaran bindiga ya samo darajarsa a maƙera.

3.0 Daga Rumbun Sojan Turai zuwa Kasuwanninmu

Bindigogin da suka iso ƙasar Hausa sun biyo hanyoyi biyu. Akwai ta Sahara daga Tarabulus, akwai kuma ta kudu daga bakin teku, wadda ta ratso ƙasar Yarabawa da Nufe. Turawa suna kiran wannan bindiga da sunan mutanen Denmak, saboda fataken ƙasar suna cikin masu sayar da ita a gaɓar tekun da take Gana a yau.

Abin lura shi ne da yawa daga cikin kayan ba sababbi ba ne. Bayan an ƙare yaƙe-yaƙen Napoliyon a 1815, rumbunan makaman Turai sun cika da bindigogin da babu mai bukatarsu. Haka kuma duk lokacin da aka ƙago sabuwar bindiga, sai rundunoni su yi gwanjon tsofaffin. 'Yan kasuwar Bamingam a Ingila da na Liyej a Beljiyam sukan saye su, su wargaza, su ɗauki bututun wannan su haɗa da kunamar waccan, su sassaƙa musu sabon itace mai araha, su loda a jirgi zuwa Afirka. Wato tun kafin bindigar ta bar Turai ta riga ta zama gamin gambiza.

Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasal a 1890 ta ƙara tabbatar da wannan hali. Ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani masu cin harsashi a mafi yawan nahiyar, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Dalili ke nan da ya sa masana'antun Liyej suka ci gaba da haɗa bindiga mai ƙanƙara domin Afirka har cikin ƙarni na 20, alhali sojan Turai sun daɗe da mantawa da ita.

Sakamakon wannan rata ya bayyana a ƙasarmu ta Zamfara. A watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano lokacin da Sarki Alu yake kan hanyar dawowa daga Sakkwato. A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, ya rabu da rundunarsa. A ƙarshen watan ne Waziri Ahmadu ya ja sauran jama'a suka yi karo da wani ɗan rukunin sojan Turawa a Kwatarkwashi. Sojan ba su kai 50 ba, amma bindigoginsu ta gindi ake ɗura musu harsashi, suna harbi babu ƙaƙƙautawa. Mahayan Kano suka yi ta kai hari har Waziri ya faɗi. Ranar 15 ga Maris 1903 aka ci Sakkwato.

4.0 Aikin Maƙera

Bayan zuwan Turawa bindigar toka ta bar fagen yaƙi ta koma hannun mafarauta da manoma da fadawa. Da ita ake korar birai da gyado daga gona, da ita ake sanar da ganin watan azumi da na salla, da ita ake tarbar babban baƙo da taya sabon basarake murna. Duk wannan hidima a wuyan maƙera take, musamman maƙeran baƙi, ƙarƙashin Sarkin Maƙera na kowane gari.

Kayan aikinsu su ne waɗanda aka sani: uwar maƙera da masaba da awartaki da magagari da zugazugi, da gawayin ƙirya mai daɗewa yana ci. Da su maƙeri yake ƙera madadin duk ƙarfen da ya karye a jikin bindiga. Idan gara ta ci itacen, sai a sassaƙa wani. Idan itacen tsagewa ya yi, sai a naɗe shi da ɗanyar fata, wadda in ta bushe takan ƙanƙame shi kamar ƙarfe, ko kuma a ɗaure da wayar tagulla. Da ƙanƙara ta fara wuyar samu, maƙera da yawa suka juya bindigogin suka koma amfani da 'yar hular tagulla wadda take kama wuta idan kunama ta sare ta. Mai bindiga kuma yakan ƙara nasa, ya rataya mata laya ko ya yi mata ado da ƙusoshi.

Isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929 ta kawo babban sauyi. Garin ya zama ƙarshen layin dogo, inda ake tara gyaɗa da auduga da taba daga ƙauyukan yankin, tsofaffin ƙarafa kuma suka wadata a kasuwanni irin ta Shinkafi. Narkar da tama ya ja baya, domin ƙarfen Bature ya fi sauƙin samu. Daga baya wasu maƙera suka fara yin bututu da ragowar ƙarafan mota da na famfo. Irin waɗannan sun fi araha, amma ba a gwada ƙarfinsu ba kamar na masana'anta, shi ya sa fashewar bindiga a hannun mai ita ya zama sanannen haɗari a wurin farauta da bukukuwa.

Idan aka miƙo mini tsohuwar bindiga, abin da nake fara dubawa shi ne farantin ƙarfen da yake gefenta, inda kunama take. Wadda ta fito daga rumbun gwamnatin Ingila takan ɗauki hoton kambin sarauta da kalmar TOWER, kodayake 'yan kasuwa sun riƙa kwaikwayon wannan tambari don su ɗaga kuɗin kayansu. Daga nan sai gindin bututu. Haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai alama ce ta gidan gwajin bindiga na Liyej. Sanduna biyu a gicciye ƙarƙashin kambi kuwa alama ce ta gidan gwaji na Bamingam, wanda aka kafa a 1813. Ta haka bindiga guda takan ba da labarin wurare uku ko huɗu: kunama daga Ingila, bututu daga Beljiyam, itace daga dajin Zamfara, ɗauri kuma daga hannun wani maƙeri da babu wanda ya rubuta sunansa.

5.0 Yadda Wasu Ƙasashe Suke Yi

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai mutanen da suka mayar da gyaran tsofaffin bindigogin soja abin sha'awarsu. Sukan sayi ɓangarorin da rundunoni suka yi gwanjonsu, su tsabtace, su mayar da kowane ƙarfe mazauninsa, gwargwadon abin da dokar ƙasarsu ta yarda. Dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi. A 2003 wani kamfani mai suna International Military Antiques ya saye tsofaffin bindigogi fiye da 50,000 waɗanda suka shekara da shekaru a jibge cikin wata tsohuwar fada a Katmandu, babban birnin Nefal. Masu sha'awa suka yi rububinsu duk da tsatsa da ƙurar da suka rufe su.

Darasin da ya shafe mu shi ne ƙa'idar da ƙwararrunsu suke bi. Ba a goge ƙarfe har tambari ya ɓace, ba a jefar da tsohon itace matuƙar zai gyaru, kuma duk abin da aka sauya sai an rubuta shi. Bambancinmu da su shi ne, su nishaɗi suke yi, maƙeranmu kuwa larura ce ta sa su.

6.0 Doka da Halin da Ake Ciki

Dole in ja hankalin mai karatu cewa a Nijeriya wannan aiki ba na kowa ba ne. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, wato waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, da na amfanin kai, da waɗanda ake ɗurawa ta baki. Ta kuma hana ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba.

Tun wajen 2011 da ta'addancin ɓarayin daji ya tsananta a Zamfara, bindigar toka ta shiga tsaka mai wuya. 'Yan sa-kai sun ciro ta daga ɗaki sun fuskanci masu AK-47 da ita, ratar Kwatarkwashi ta sake maimaituwa. An ƙone ƙauyuka da abin da ke cikinsu, jama'a sun yi hijira sun bar kayan gado. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci, abin da ya taɓa sana'ar maƙera ƙwarai. Haka kuma idan jami'an tsaro suka tattara makamai domin lalatawa, babu mai tsayawa ya bambance bindigar da ta shekara 150 da wadda aka ƙera bara. Tsofaffin maƙera kuma suna tsoron a ji sun san bindiga, don kada a ɗauke su masu yi wa ɓarayi aiki, saboda haka iliminsu yana bin su kabari.

7.0 Shawarwari da Kammalawa

Shawarata ta farko ita ce masarautun Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, tare da hakimai da dagatai irin na Jangeru, su buɗe rajistar tsofaffin bindigogin gado da sanin 'yan sanda, a ɗauki hoton kowace da tambarinta, a rubuta gidan da ta fito. Ta biyu, kafin a lalata makaman da aka ƙwace, a bar jami'in tarihi ya duba su, a ware na da, a kashe bakinsu yadda ba za su sake tashi ba, a miƙa su gidan tarihi bisa haɗin gwiwa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Gidan Makama na Kano ya nuna cewa ana iya ajiye makaman da domin ilimi. Ta uku, a naɗi bayanin tsofaffin maƙera game da sunayen sassan bindiga da tarihin gidajensu tun suna raye.

Na kawo waɗannan bayanai ne domin 'ya'yanmu su san cewa kalmar 'yan bindiga ta taɓa zama sunan girma a fada, kuma maƙeran wannan yanki sun riƙe wata fasaha da ta haɗa Zamfara da Tarabulus da Bamingam da Liyej. Allah Ya maido mana da zaman lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, amin.