Duwatsun Rumbu

Idan gari ya tashi ya zama kufai, ɗakuna su kan rushe, zana ta ruɓe, amma duwatsun da aka ɗora rumbu a kansu ba su ɓacewa. Manomi a ƙasar Wudil ba ya kafa rumbu bisa tsurar ƙasa. Sai ya jera duwatsu tukuna, don kada laima da gara su kai ga hatsi. Saboda haka masu binciken kufai, in sun tarad da duwatsu jere a kewaye, su kan gane nan rumbu ya taɓa tsayawa.

Wannan dabara kuwa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Rumawa sun shiga Ingila da yaƙi cikin shekara ta 43 ta Miladiyya. A 122 sarkinsu Hadiriyan ya sa aka soma ganuwa mai tsawon mil 73 a arewacin ƙasar, da barikokin soja jere da ita. A barikokin nan an tono rumbuna na dutse. Daɓensu a ɗage yake bisa gajerun ginshiƙai, da ƙananan kafofi a gindin bango don iska ta ratsa ta ƙarƙashi. A bakin kogin Tayin ma, wajen 208, sa'ad da Sarki Sabirus ke shirin yaƙi da mutanen arewa, aka mai da bariki guda ma'ajin abinci, da rumbuna masu yawa. Har yanzu ana ganin harsashinsu.

To, sarakunan Kano su ma da hatsi suka riƙe ƙasa. A kan karɓi zakka, dami ɗaya cikin goma, a tara a rumbuna. Ba duka ke kai wa ga matalauta ba, gaskiya, amma dai hatsi ne, yana nan kusa in shekara ta ƙi.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sannu a hankali aka mai da haraji na kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta yi daraja, mutane suka dukufa nomanta. Sai damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar nan da ake kira Kakalaba. Fari ne ya jawo ta, ba shakka, amma ta tarad da tsimi ya ragu, dawa kuwa ta yi tsadar da kuɗin gyaɗa bai iya sayenta ba.